Tsohon Kwanson Harsashi Mai Tsinke a Gefe: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Unguwar Dosa da maƙwabtanta, irin su Badarawa da Kawo da Unguwar Kanawa, ba abin mamaki ba ne mai haƙa fandisho ko ramin masai ya ci karo da kwanson harsashi da ya yi kore a cikin ƙasa. Haka nan magada kan buɗe akwatin ƙarfen kakansu tsohon soja su tarar da irinsa a ƙulle cikin tsumma, tare da lambobin yabo da takardar sallama. Wannan ɓangare na Kaduna barikoki ne suka yi masa ƙawanya: ga tsohon mazaunin makarantar hafsoshi ta NDA, ga hedikwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga sansanin sojan sama a Mando. Da an tsinci abin, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne, "Wannan ai tun zamanin Gwamna Lugga ne." Wani lokaci hakan gaskiya ne, amma sau da yawa ba haka ba ne, kuma akwai hanyar da za a bi a gane. Akwai kuma wani nau'in kwanso da ya girmi zuwan Lugga da shekaru masu yawa, wanda duk wanda ya san siffarsa ba zai rikita shi da wani ba.

Kafin maganar shekaru, a fara tabbatar da cewa abin da ke hannu kwanso ne fanko. Idan bakinsa a buɗe yake, ana hango cikinsa babu komai, to an riga an harba shi ko an zazzage shi. Idan kuwa dalmarsa na nan a baki, ko bakin a toshe yake, harsashi ne mai rai, kuma tsufa ba ya kashe albarushi yadda mutane ke zato. Kada a jefa shi a wuta, kada a sa masa guduma, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada kuma a haɗa shi da kayan 'yan gwangwan. A bar shi inda yake a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, suna da sashen da ke kwance irin waɗannan abubuwa. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a kan nau'in da za mu yi magana a kansa, saboda dalilin da zai bayyana nan gaba kaɗan.

Ku juya shi ku duba gindinsa

Kowane harsashi yana da wata 'yar hula mai sinadarin da ke ba da tartsatsi idan an buge shi, tartsatsin nan ne ke kunna albarushi. A ƙarni na 19 sinadarin zaiba ne aka fi sakawa. Inda aka ajiye wannan hular tartsatsi shi ne abu na farko da ke raba zamani da zamani.

Idan kun ga 'yar da'ira a tsakiyar gindin kwanson, da alamar lotsawa a cikinta, wannan shi ne nau'in da kusan duk bindigogin soja da na 'yan sanda ke ci a yau. Ya fara yaɗuwa ne a shekarun 1860. A 1866 wani hafsan Ingila, Edward Boxer, da wani Ba'amurke, Hiram Berdan, kowannensu ya yi rajistar nasa tsarin, kuma har yanzu tsarin nan biyu ake bi. Idan gindin shafe yake babu da'ira, amma akwai ɗan tabon duka a bakin gefensa, to nau'in da aka zuba wa sinadarin a cikin leɓen gindi ne, kamar ƙananan harsasan harbin tsuntsu.

Na uku shi ne namu. Gindinsa shafe ne, babu da'ira babu tabo, sai dai wani ɗan tsinken tagulla ya fito tsaye daga jikinsa ta gefe, dab da gindi. Idan tsinken ya fita, za ku ga ƙaramar huda a wurin. A littattafan Turanci za ku same shi da sunan pinfire. Hular tartsatsin tana ɓoye a ciki, ƙarshen tsinken yana zaune a kanta. Bindigar da ke cin wannan harsashi tana da 'yar tsaga a saman inda ake ɗura shi, tsinken ya leƙo ta nan, 'yar gudumar bindigar ta faɗo masa daga sama ta cusa shi ciki. To kun ga matsalar: abin da ke tayar da harsashin a waje yake, tsirara. Ya faɗi a kan siminti ta ɓangaren tsinken, ko ya gogu da ƙarfi a aljihu, yana iya tashi. Wannan aibi na cikin abubuwan da suka sa aka bar shi, shi ya sa kuma ko da wasa ba a danna tsinken, ba a kuma gwada zare shi.

Wani maƙerin bindigogi na Faris, Casimir Lefaucheux, shi ya yi rajistar wannan ƙirƙira a 1835. Kafin lokacin, yawancin bindigogi ta baki ake ɗura su: a zuba albarushi, a sa dalma, a daddanna da sanda. Shi kuwa sai ya haɗa hula da albarushi da dalma a kwanso guda da ake zurawa ta baya. A 1846 wani Bafaranshe, Houllier, ya kyautata tsarin yadda gindin kwanson zai riƙe hayaƙi. A 1851 aka baje bindigar Lefaucheux a babban bikin baje koli na Landan, maharban Ingila suka gani suka yaba. Ɗansa Eugène ya fito da libarba mai cin irin wannan harsashi a 1854, sojan ruwan Faransa suka karɓe ta a 1858, a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 kuma gwamnatin ɓangaren arewacin ƙasar ta sayi fiye da dubu goma. Bayan haka maƙeran garin Liyej na Beljiyam suka yi ta buga kwaikwayonta masu araha suna aikawa ko'ina a duniya.

Lambar da ke ruɗa mutane

Harsashi mai tsinke iri biyu ne. Na libarba gajere ne, galibi bai wuce santimita biyu ba, kuma duk jikinsa ƙarfe ne. Faɗinsa kan zo da milimita 5, 7, 9, 12 ko 15, na 7 da na 9 da na 12 sun fi yawa. Na bindigar farauta kuwa jikinsa kwali ne, gindin kaɗai ke da tagulla. A ƙasa irin tamu, inda damina da gara ba sa barin takarda, kwalin ba ya daɗewa, don haka abin da za a tono ɗan gajeren kofin tagulla ne mai faɗi, da tsinkensa ko hudarsa.

Sau da yawa babu abin da aka rubuta a gindin sai lamba. A nan ake yin kuskure, domin 12 a kan na libarba tana nufin milimita goma sha biyu, amma 12 a kan na bindigar farauta tana nufin wani abu daban. Tsohon lissafin Ingila ne: a raba laba ɗaya ta dalma zuwa ƙwallaye goma sha biyu daidai wa daida, faɗin ƙwallo ɗaya shi ne faɗin bakin bindigar, wato wajen milimita 18 da rabi. A wannan lissafi, da lambar ta ƙaru sai bakin ya ragu, shi ya sa mai lamba 16 ya fi mai lamba 12 ƙanƙanta. Rular ɗan makaranta ta isa ta raba gardama. A ɗora ta a kan gindin, idan faɗin ya kusa santimita biyu na farauta ne, idan ya ɗan haura santimita ɗaya na libarba ne.

Launin ƙarfen ma yana magana, ko da yake da ƙaramar murya. Na libarba na farko-farko da jan ƙarfe aka fi yin su, daga baya tagulla mai ruwan ɗorawa ta yi rinjaye. Rubutun da ya taso sama daga jikin ƙarfen ya fi yawa a tsofaffi, wanda aka buga ya nutse ciki ya fi yawa a na baya. Waɗannan alamu ne masu taimako, amma kamfanoni ba rana ɗaya suka sauya ba, don haka ba a rantsuwa a kansu.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne sunan kamfani, domin kamfanoni suna da ranar haihuwa, suna kuma sauya suna. Gévelot na Faransa na cikin manyan masu yin wannan harsashi, kuma a 1884 aka kafa kamfanin da ya gaje shi, wanda ke buga haruffan SFM. Duk kwanson da ke ɗauke da SFM, ke nan, bai girmi 1884 ba. Fiocchi na Italiya an kafa shi a 1876. Kynoch na Barmingam ya fara aiki a 1862. Eley na Landan tsohon gida ne, amma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga haɗakar da aka sa wa suna Nobel a 1920, wadda ita kuma ta narke cikin ICI a 1926. Saboda haka ELEY LONDON kaɗai yana nuna zamanin da, Eley tare da Nobel yana nuna farkon shekarun 1920, Eley da Kynoch a haɗe da tambarin ICI kuwa bayan 1926 ne. Za a iya ganin SB na Sellier da Bellot na birnin Prag, ko BB na Braun da Bloem na Jamus.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe fiye da komai a wannan bayani. Duk waɗannan alamu suna gaya muku shekarar da kwanson ba zai girme ta ba, amma ba sa gaya muku ranar da aka harba shi. Tun wajen 1870 sojoji da manyan maharban Turai suka fara komawa ga harsashi mai hula a tsakiya, amma bindigogi masu tsinke miliyoyi sun rage a hannun manoma da 'yan kasuwa, kuma kamfanonin Faransa da Italiya sun ci gaba da yi musu harsasai har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Bugu da ƙari, fakiti ɗaya yana iya yin shekara ashirin a kanti ko a ɗaki kafin a taɓa shi. Kwanso mai tsinke da babu suna a kansa yana iya zama na 1860, yana iya zama na 1930. Wanda ya kalli irin wannan ya yanke muku shekara guda ɗaya cif, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Amsar gaskiya tsakanin kaza da kaza ce.

Ta ina zai biyo ya zo ƙasar Hausa?

Bindigar da kakanninmu suka fi sani a ƙarni na 19 ita ce mai ƙanƙara, wadda ake ɗurawa ta baki, kakar bindigar toka da maharba da 'yan sintiri ke riƙewa har gobe. Ita ba ta barin kwanso ko kaɗan. Turawa da gangan suka so a tsaya a kanta. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Burasal a 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani masu ɗuri ta baya a faɗin yankin da ya haɗa da ƙasarmu, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Duk da haka wasu sun shigo, ta hanyar fataken Sahara da ke tasowa daga Tarabulus su bi ta Gadamas da Agadas zuwa Damagaram da Kano, da kuma ta kogin Kwara inda kamfanonin Ingila da na Faransa suka yi gogayya a farkon shekarun 1880, Nupe tana tsakiya. Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a Kusuri a 1900, yana da bindigogin zamani a rundunarsa. Masanin tarihi Joseph Smaldone ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1977.

Libarba mai tsinke ba makamin runduna ba ce a nan. Kayan mutum ɗaya ce: bafatake, matafiyi, ma'aikacin kamfani, ko kyautar da baƙo ya miƙa wa sarki. Tunda kuma gidanta Faransa da Beljiyam ne, ya fi dacewa a sa ran ganin kwansonta a tsofaffin biranen fatauci da ɓangaren da Faransa ta mulka, irin su Damagaram da ta shiga hannunsu a 1899, fiye da Kaduna. Dalili kuwa shi ne Kaduna a matsayin birni yarinya ce. Wajen 1913 aka fara kafa ta, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. A lokacin harsashi mai tsinke ya riga ya zama tsohon yayi. Idan an same shi a Unguwar Dosa, mafi kusa da hankali shi ne wani ne ya zo da shi cikin kayansa, ba wai an yi wani yaƙi a wurin ba.

Abin da ƙasar Kaduna ta fi ɓoyewa na soja ne, kuma shi ya fi sauƙin karantawa. Mafi tsufa su ne na Snider, wadda Ingila ta karɓa a 1866, da na Martini-Henry ta 1871. Kwanson Martini babba ne mai wuya kamar kwalba, tsawonsa wajen milimita 59, kuma na farkonsa da siririn fallen tagulla aka naɗe shi, gindin kuma baƙin ƙarfe, shi ya sa za ku gan shi a yamutse, gindin ya yi tsatsa alhali jikin ya yi kore. Bayansu sai .303, wanda Ingila ta karɓa a ƙarshen shekarun 1880. Shi ne harsashin zamanin cin Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato a 15 ga Maris, da Burmi a 27 ga Yuli, da Satiru a 1906, shi ne kuma sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka harba a ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa milimita 56, yana da leɓe da ya fito a gindi. R da L da 'yar kibiya a tsakaninsu na ma'aikatar gwamnati ce da ke Wulwic a Landan. K na Kynoch ne, KF na Kirki ta Indiya, DAC na Kanada, RG kuma ma'aikata ce da aka buɗe a 1940. Idan kun ga VII, samfurin da aka fito da shi a 1910 ne, saboda haka ba zai zama na Burmi ko Satiru ba komai koren da ya yi. Tun farkon ƙarni na 20 kuma ana buga shekara a gindin, ko cikakkiya ko lambobi biyu na ƙarshe.

Yawancin na bayan 'yancin kai ba su da leɓen da ya fito, sai dai tsagi a kewayen gindi. Mai tsawon milimita 51, wani lokaci da alamar gicciye cikin da'ira, na ƙawancen NATO ne, bai girmi 1954 ba. Mai tsawon 39 na Kalashnikov ne, kuma yawancinsa baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe ko fenti, mayen ƙarfe yana kama shi. OFN kuwa ɗan gida ne, daga ma'aikatar makamai ta DICON da aka kafa a 1964 a Kakuri, ƙetaren kogi. Waɗannan na baya-bayan nan ba kayan tarihi ba ne. A halin tsaron da muke ciki, sabon kwanso a gona ko bayan gida yana iya zama shaidar wani laifi, don haka hukuma ake kira, ba a ɗauka.

Kada a goge, kada a raba shi da labarinsa

Hannun Bahaushe yana ƙaiƙayi idan ya ga tagulla ta dushe, nan da nan sai toka da lemun tsami. Ina roƙo a daure. Haruffan gindin kwanso mai tsinke sirara ne ƙwarai, kuma sau da yawa koren nan ne kaɗai ke riƙe da siffarsu. Gugar minti biyu tana iya share abin da ya tsira shekara ɗari da hamsin. Tsohon buroshin haƙori mai laushi, a bushe, ya isa ya kawar da ƙasa. Sai a shiga ɗaki mai ɗan duhu, a haska tocila daga gefe yadda hasken zai kwanta a kan gindin. Haruffan da ba a gani da rana sai su fito da inuwarsu. A ɗauki hoto da waya, rula na kwance a gefe, a buɗa hoton a karanta a hankali.

Wurin da aka same shi yana da daraja daidai da shi kansa. A 1983 gobara ta cinye ciyawar filin yaƙin Little Bighorn a Amurka, inda a 1876 mayaƙan Lakota da Cheyenne suka hallaka Janar Custer da mutanensa. A 1984 da 1985 masu binciken kayan tarihi, cikinsu da Douglas Scott da Richard Fox, suka bi filin taki-taki, duk kwanson da suka samu sai sun rubuta daidai inda yake kafin su ɗaga shi. Kowace bindiga tana barin tabonta na musamman a jikin kwanso, don haka suka iya bin sawun bindiga guda daga tudu zuwa tudu, suka fitar da yadda yaƙin ya gudana. Filayen Burmi da Satiru da Kwatarkwashi sun cancanci irin wannan aiki, kuma duk kwanson da aka kwashe daga can aka zuba a buhun 'yan gwangwan ya rage abin da za a iya ganowa. Wanda ya tsinci tsohon kwanso ya rubuta unguwa da gida, da zurfin ramin, da abin da ke tare da shi, ko fasasshiyar tukunya ce ko kwalba ko anini. Idan daga akwatin gado ya fito, a zauna da dattijan gidan a tambaye su inda mai akwatin ya yi aiki da ƙasashen da ya je, a rubuta tun suna raye.

Akwai kuma doka. Dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba, kuma a ma'anarta sassan harsashi ma harsashi ne, don haka yawo da kwanso a aljihu yana iya jawo wa mutum tambayoyi masu tsawo a shingen bincike. Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a fara kai hotuna da bayanin da aka rubuta, a bar kwanson a inda yake. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Titin Ali Akilu ba shi da nisa da Unguwar Dosa, haka ma Gidan Arewa da ke Titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda cibiyar binciken tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970. Jami'ar kuma tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Zariya. Hotuna uku ake buƙata: na gindi da rubutunsa, na gefe inda tsinken ko hudarsa take, da na tsawon kwanson gaba ɗaya a jikin rula.